Kimiyyar Kwamfuta, Tsarin Bayanai, Injiniyancin Manhaja ko Fasahar Sadarwa: Wanne Za Ka Karanta a Jami'a?

Wanda ya ce zai karanta kwamfuta a jami'a bai gama yanke shawara ba tukuna, domin da ya buɗe jerin kwasa-kwasai zai tarar da sunaye huɗu ko biyar masu kama da juna, kowanne da hoton ɗalibi yana murmushi a gaban allon kwamfuta. To, kama da wane ba wane ba ne. Wannan rarrabuwa ba jami'o'i suka ƙirƙiro don neman ɗalibai ba. A 2005 manyan ƙungiyoyin masana fannin, wato ACM da IEEE da AIS, sun fitar da rahoto na haɗin gwiwa da ya raba karatun kwamfuta gida biyar, rahoton 2020 kuma ya shigo da tsaron na'urori da kimiyyar nazarin bayanai. A nan zan tsaya kan huɗun da suka fi rikita masu neman gurbi: Kimiyyar Kwamfuta da ake taƙaitawa CS, Tsarin Bayanai ko IS, Injiniyancin Manhaja ko SE, da Fasahar Sadarwa ko IT. Na ajiye Injiniyancin Kwamfuta a gefe saboda shi ɗan uwan injiniyancin lantarki ne, aikinsa ƙera na'urar kanta, kuma mai sonsa yawanci ya san kansa tun kafin ya zo.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce a ɗauki matsala ɗaya a ba mutum huɗu. A ce ranar rajistar ɗalibai shafin wata jami'a ya tsaya cak, dubban mutane na dannawa ba ya buɗewa. Ɗan CS zai tambaya: wace hanya manhajar ke bi wajen neman suna a cikin rumbun bayanai, kuma me ya sa take yin nauyi idan mutane suka yi yawa? Ɗan SE zai tambaya: an gwada manhajar da mutum dubu goma a lokaci guda kafin a sake ta, kuma wa ya taɓa ta jiya da daddare? Ɗan IT zai nufi ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ya duba ko na'urar ce ta cika, ko layin sadarwa ne ya yanke. Ɗan IS kuwa zai ce: wa ya ce dole kowa ya yi rajista rana ɗaya, kuma me ya sa ofishin kuɗi da ofishin rajista ba sa ganin bayanan juna, har ɗalibi ke cike abu ɗaya sau biyu? Duk huɗun suna da gaskiya. Tambayar da ta fara faɗo maka a rai tana gaya maka wani abu game da kanka.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko shi ne abin da ake koyarwa a zahiri, darasi bayan darasi. Na biyu wahala, musamman nauyin lissafi, don shi ne ya fi korar ɗalibai. Na uku tsada. Kuɗin makaranta ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a cikin tsangaya ɗaya kwasa-kwasan nan ba su cika nisa da juna ba, saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne yawan shekaru da kuɗin da ke biyo baya. Digirin farko shekara 3 ne a Ingila da yawancin ƙasashen Turai, 4 a Amurka da Sukotland, wasu ƙasashe kuma kan kai kwasa-kwasan injiniya shekara 5.

Na huɗu ɗorewa: nawa ne daga abin da ka koya zai ci gaba da amfani bayan shekara 15? Wannan ma'auni ya fi muhimmanci a fannin kwamfuta fiye da sauran fannoni. Akwai lokacin da ƙwarewa a manhajar Flash sana'a ce mai zaman kanta, har kamfanin Adobe ya daina tallafa mata a ranar 31 ga Disamba 2020. A ɗaya ɓangaren, yaren rubuta manhaja na COBOL da aka ƙirƙiro a 1959 yana nan yana aiki a manyan bankuna. Na biyar haɗari, wato yadda abin kan lalace wa mutum ko da ya kammala.

Kimiyyar Kwamfuta

Wannan fanni daga lissafi ya fito, kuma har yau bai rabu da gida ba. Kalmar algoridim ma, wato jerin matakan da ake bi a warware matsala, daga sunan Al-Khwarizmi aka samo ta, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A 1936, tun ba a ƙera kwamfutar lantarki ba, Alan Turing ya kafa hujjar cewa akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta iya warware su, komai ƙarfinta. Jami'ar Kambirij ta fara ba da difloma a fannin a 1953, Jami'ar Purdue ta Amurka kuma ta buɗe sashe mai zaman kansa a 1962.

Abin da za ka koya: rubuta manhaja, hanyoyin jera bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura, algoridim, mantiƙi da kafa hujja, aljabara, kalkulas, lissafin yiwuwa, yadda babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ke aiki, yadda ake fassara yaren kwamfuta zuwa abin da na'ura ke ganewa, rumbun bayanai, sadarwa, da ƙirƙirarriyar basira. Ga ɗan misali na irin tunanin da ake koya maka. Idan sunaye miliyan ɗaya suna jere bi da bi, kana iya nemo kowane suna cikin taku 20 kacal, ta hanyar raba jerin biyu a kowane taku, domin 2 sau 2 har sau 20 ya ɗan haura miliyan. Idan kuma za ka jera sunayen ne tun daga farko, hanyar da kowa zai fara tunani, ta gwada kowane suna da sauran, tana cin gwaji kusan rabin tiriliyan, alhali hanya mai kyau tana gamawa da kusan miliyan 20. Kwamfuta ɗaya ce, aiki ɗaya ne, amma ɗaya ya ƙare kafin ka ɗaga kai, ɗayan kuma sai ka gaji da jira. In wannan ya burge ka, alama ce mai kyau. In ka ji kanka ya ɗau zafi, ita ma alama ce.

Wahalar CS ba a rubuta manhaja take ba kamar yadda sababbin shiga ke zato. Yawanci a shekara ta biyu ake gane Juma'ar da za ta yi kyau, lokacin da malami zai ce kada ka nuna masa amsar ta yi daidai sau goma, ka kafa hujjar cewa za ta yi daidai har abada. Ɗalibin da ya saba da haddar ƙa'ida ya zuba lambobi yakan sha wuya a nan. Ba sai kana da baiwa ta musamman ba, amma dole ka iya zama da matsala ɗaya awa uku ba tare da ka ga ci gaba ba, gobe kuma ka dawo mata.

Ta fuskar tsada, yana cikin masu sauƙi. Kwamfutar tafi-da-gidanka matsakaiciya ta wadatar, kusan duk kayan aikin kyauta ne, irin su Linux da Python da Git, kuma jami'o'i kamar MIT da Harvard sun saka darussansu a intanet kowa ya kalla. Ta fuskar ɗorewa kuwa babu na biyunsa. Hanyar gano gajeriyar hanya tsakanin wurare biyu da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 tana aiki yau a cikin na'urorin da ke kai saƙonni a intanet. Tsarin rumbun bayanai mai teburori da Edgar Codd na IBM ya gabatar a 1970 shi ne har yanzu ginshiƙin bankuna da asibitoci. Hanyar ɓoye saƙo ta RSA, ta 1977, lissafin lambobi ne zalla. Ko ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a kai, in ka buɗe cikinta aljabara ce da lissafin yiwuwa.

Haɗarinsa biyu ne. Na farko shi ne ka faɗi a darussan lissafi ka ɓata shekara ko ka sauya kwas. Na biyu ya fi ɓoyuwa: ka fita da sakamako mai kyau amma ba ka taɓa gina wani abu da mutum na gaske ya yi amfani da shi ba. Manhajar karatun CS ba ta ɗauki nauyin mayar da kai ƙwararren ma'aikaci ba, tushe take ba ka. Ginin kanka za ka yi, a hutu da dare da wurin horon sanin makamar aiki.

Tsarin Bayanai

Shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Wasu na kiransa CS na waɗanda ke gudun lissafi, kuma wannan rashin adalci ne, ko da yake wasu jami'o'in sun taimaka wajen jawo masa sunan. Asalinsa daga makarantun kasuwanci ne. Jami'ar Minnesota na cikin na farko, inda Gordon Davis da abokan aikinsa suka kafa shirin a 1968. Tambayar da fannin ke yi ita ce: ta yaya bayanai ke yawo a cikin ma'aikata, wa ke buƙatar me, yaushe, kuma wace fasaha ce za ta dace da aikin mutanen nan?

Darussansa sun haɗa da rumbun bayanai da yaren SQL da ake amfani da shi wajen nemo abu a cikinsa, nazarin yadda ma'aikata ke gudanar da aikinta da zana shi a takarda, tattara buƙatun masu amfani, jagorancin aiki daga farko zuwa ƙarshe, ilimin akanta da gudanarwa, ƙididdiga, rubuta manhaja daidai gwargwado, da manyan manhajojin da ke haɗa albashi da saye da sito da kuɗi a wuri ɗaya, irin na kamfanin SAP da wasu tsoffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a Jamus a 1972.

Don ka ga amfanin fannin, dubi abin da ya faru a Ingila. A 2002 gwamnati ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar lafiya ta NHS a kwamfuta. A 2011 aka sanar da rushe shirin, kuma an ƙiyasta abin da ya ci ya kai kusan fam biliyan 10. Ƙasar ba ta rasa masu rubuta manhaja ba. Daga cikin dalilan da aka yi ta ambato akwai tsara abu daga sama ba tare da jawo likitoci da ma'aikatan asibiti a jiki yadda ya kamata ba, da manyan kwangilolin da aka ƙulla cikin gaggawa, da ƙoƙarin ɗora tsari ɗaya a kan asibitocin da kowanne ke da yadda yake aiki. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ɗalibin IS ke kwashe shekaru yana nazari.

Lissafinsa bai kai na CS ba, gaskiya ne. Amma yana da tasa wahalar: rubutu mai yawa, gabatar da bayani a gaban mutane, aikin rukuni, da haƙurin zama da ma'aikacin da ya shekara 20 yana aiki da fayil na takarda har ya yarda ya gaya maka yadda aikin ke tafiya a zahiri, wanda sau da yawa ya saɓa da abin da ke rubuce a littafin ƙa'idar ofis. Mai jin kunyar magana zai iya koya, amma ya sani da ita zai ci abinci.

Tsadarsa ta danganta da tsangayar da yake ciki. Inda yake ƙarƙashin makarantar kasuwanci, a wasu jami'o'in kuɗin kan fi yawa. Bayan kammalawa kuma horo da takardar shaida a kan manyan manhajojin kamfanoni ba su da araha, sai dai sau da yawa ma'aikata ce ke biya wa mutum. Ɗorewarsa rabi da rabi ce. Iya fahimtar ma'aikata, da tsara rumbun bayanai, da sasanta buƙatun ɓangarorin da ba sa jituwa, ba sa tsufa, ƙaruwa ma suke yi da shekaru. Sanin inda ake dannawa a wata manhaja kuwa yana iya mutuwa da sabon fitowarta.

Babban haɗarinsa shi ne ba ga tsuntsu ba ga tarko: ba ka iya rubuta manhaja kamar ɗan CS ba, ba ka san kuɗi kamar akanta ba. Wannan na faruwa, musamman a jami'ar da ta tara darussan gabatarwa birjik ba tare da zurfi a ko ɗaya ba. Kuma a cikin huɗun nan, IS ne ya fi bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Wani wuri kusan CS ne da ɗan kasuwanci a kai, wani wuri kuma kasuwanci ne da ɗan kwamfuta. Maganin abin shi ne ka riƙe SQL da hannu biyu, ka iya yaren rubuta manhaja ɗaya sosai, sannan ka zaɓi ɓangare ɗaya na rayuwa, lafiya ko banki ko sufuri, ka san shi ciki da waje.

Injiniyancin Manhaja

Sunan ya yi fice ne bayan taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta Jamus a 1968, lokacin da manyan ayyukan manhaja ke ta makara, suna cin kuɗi fiye da kasafi, suna fitowa cike da kurakurai. Amma digirin farko mai wannan suna bai samu a Amurka ba sai 1996, a Cibiyar Fasaha ta Rochester.

Shekara biyun farko kusan ɗaya suke da CS, a jami'o'i da yawa ma aji ɗaya ake zama. Daga nan hanya ke rabuwa. Inda ɗan CS zai shiga zurfin nazari, ɗan SE zai koyi rubuta buƙatu, tsara gini mai sassa da yawa, gwaji, bitar aikin abokin aiki, ƙiyasta lokaci, da kula da manhaja bayan an sake ta, wanda shi ne ke cin mafi yawan rayuwarta. Misalin da malaman fannin ba sa gajiya da kawowa shi ne rokar Ariane 5, wadda ta tarwatse a ranar 4 ga Yuni 1996, daƙiƙa kusan 40 bayan tashinta. An ɗauko wani sashe na manhajar Ariane 4 aka saka mata, sabuwar rokar kuma ta fi gudu, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Manhajar ta yi abin da aka rubuta mata. Abin da aka rasa shi ne a sake tambayar ko sharuɗɗan da aka gina ta a kai suna nan.

Lissafin SE matsakaici ne zuwa mai nauyi. Wahalarsa ta musamman ita ce aikin rukuni, inda makinka ke rataye a wuyan wanda ba ya zuwa taro. Kada ka raina wannan, don haka aikin yake a waje. Wani lokaci yakan fi tsada saboda ƙarin shekara, ko ta injiniya ko ta zaman horo a kamfani, amma shekarar horon nan sau da yawa ita ce abu mafi daraja a digirin gaba ɗaya. Ɗorewarsa mai kyau ce a ɓangaren tushe, sai dai salon gudanar da aiki na sauyawa kamar yayi. Abin da ake kira Agile ya bazu ne bayan wasu mutum 17 sun haɗu a jihar Utah a 2001, kuma kafin nan wani salo ne daban ake rantsuwa da shi. Haɗarinsa kaɗan ne: in daga baya ka so bincike mai zurfi, za ka tarar akwai darussan nazari da ka tsallake. A kasuwar aiki kuwa masu ɗaukar ma'aikata ba su cika bambanta shi da CS ba.

Fasahar Sadarwa

Wannan na masu son taɓa abu da hannu ne: haɗa hanyoyin sadarwa, kula da saba, kare na'urori daga masu kutse, ajiye kwafin bayanai, da taimakon ma'aikata idan abu ya ƙi. Lissafinsa ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi saurin kai mutum ga aikin farko. Darajarsa takan bayyana ranar da abu ya lalace. A ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Ma'aikatan IT ne suka bi na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya suna tayar da su.

Tsadar IT a ɓoye take. Masu ɗaukar aiki na son takardun shaida na kamfanoni a kan digirin, irin CCNA ta Cisco ko na CompTIA, kowace da kuɗin jarrabawa, kuma yawancinsu shekara 3 suke yi a sabunta. Ƙa'idojin sadarwa na TCP/IP suna nan tun 1983, to amma kayan da ke kansu ba sa zama. Tun da Amazon ta fara ba da hayar saba ta intanet a 2006, ayyuka da yawa sun tashi daga ɗakin saba na ofis sun koma can. Haɗarin shi ne ka maƙale a teburin karɓar ƙorafi shekara da shekaru, ga kiran dare. Wanda ya koyi rubuta ƙananan manhajoji da ke yi masa aikin maimaici, ko ya karkata zuwa tsaro, shi ke tsallake wannan.

A taƙaice cikin tebur

| Ma'auni | CS | IS | SE | IT |
|---|---|---|---|---|
| Abin da ya fi mayar da hankali a kai | Algoridim da tushen lissafi | Ma'aikata da bayananta | Gina babbar manhaja cikin rukuni | Tafiyar da na'urori da sadarwa |
| Nauyin lissafi | Mai yawa | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici zuwa mai yawa | Kaɗan |
| Rubuta manhaja | Mai yawa | Matsakaici | Mafi yawa | Kaɗan zuwa matsakaici |
| Hulɗa da mutane | Kaɗan a aji | Mafi yawa | Mai yawa | Mai yawa |
| Kuɗin da ke biyo baya | Kaɗan | Horo kan manhajojin kamfani | Wataƙila ƙarin shekara | Jarrabawa da sabuntawa |
| Ɗorewar ilimi | Mafi tsawo | Rabi mai ɗorewa, rabi mai tsufa | Mai tsawo | Sai da sabuntawa kullum |
| Babban haɗari | Faɗuwa a lissafi, ko nazari ba aiki | Rashin zurfi | Gibi a nazari mai zurfi | Maƙalewa a ƙaramin matsayi |

Abubuwa biyu da tebur ba ya nunawa

Na farko, ƙofofin da ke tsakanin fannonin nan ba faɗinsu ɗaya ba. Ɗan CS da ya ga yana son harkar ma'aikatu zai iya yin digiri na biyu a IS ko gudanarwa ba tare da wata matsala ba. Ɗan IS ko IT da ya so digiri na biyu a CS, ko a ƙirƙirarriyar basira, sau da yawa za a ce ya koma ya ciko darussan lissafi da algoridim. Lissafi ya fi sauƙin koyo lokacin da kake da malami da jarrabawa da abokan karatu, fiye da bayan ka fara aiki ga iyali. Saboda haka ni a ganina, wanda ke tsaka-tsaki da gaske, kuma lissafi bai gagare shi ba, ya ɗauki CS ya cike zaɓaɓɓun darussansa da na kasuwanci. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin cewa CS ya fi daraja. Na ga masu digirin CS da ba za su iya zama minti goma da akanta su fahimci abin da yake nema ba, kuma wannan gibin ma ba ya cikewa da kansa.

Na biyu, batun manhajojin da ke rubuta manhaja. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 ɗalibai ke tambaya ko karatun ma yana da sauran amfani. Abin da ake gani shi ne waɗannan kayan sun iya aikin da aka saba yi sau dubu, kuma sukan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali. Wanda zai gane kuskuren shi ne wanda ya san tushe, wanda zai gane an gina abin da ba a buƙata kuma shi ne wanda ya san ma'aikatar. Wanda ke cikin matsi shi ne wanda iyakar iliminsa haddar yadda ake rubuta umarni, a kowanne daga fannonin huɗu yake.

Kafin ka cike takarda, nemi jerin darussan kwas ɗin na dukkan shekaru, yawanci yana shafin sashen. Ƙirga darussan lissafi, ƙirga na rubuta manhaja, ƙirga na kasuwanci. Wannan ƙirga ta fi sunan kwas ɗin gaskiya. Duba ko akwai zangon horo a wurin aiki da aikin kammalawa na gaske. Duba ko hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar ta amince da shi, in kuma kana tunanin aiki a wata ƙasa, ka duba ko yana da amincewar hukuma irin ABET ta Amurka ko BCS ta Birtaniya, waɗanda ke cikin yarjejeniyar Seoul ta 2008 da ta sa hukumomin da suka sa hannu ke girmama digirin kwamfuta da kowaccensu ta tantance. In da hali, tambayi ɗan shekarar ƙarshe me ya gina da hannunsa.

Wa ya dace da wanne

In kana jin daɗin lissafi, ko aƙalla ba ka tsoronsa, kana son bincike, ƙirƙirarriyar basira, ɓoye saƙo, ko dai ba ka san inda za ka dosa ba kana son ƙofofi su zauna a buɗe, ɗauki CS, amma ka fara gina ƙananan abubuwa tun shekarar farko.

In abin da ke faranta maka rai shi ne ka ga mutane na amfani da abin da ka gina, kuma ba ka damu da nazarin da ba za ka taɓa da hannu ba, SE ya fi kusa da kai. Inda jami'ar ba ta da shi, CS tare da horo a kamfani zai kai ka wuri ɗaya.

In kai ne mai lura da cewa layin da ake bi a ofis bai da dalili, kana iya magana da shugaba da masinja kowa ya fahimce ka, kana hango kanka a banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati kana jagorantar sauyi, IS naka ne. Zaɓi jami'ar da darussan rumbun bayanai da rubuta manhaja suka yi nauyi a cikinsa.

In kana buƙatar fara samun kuɗi da wuri, kana son waya da na'ura fiye da allo da alli, kuma ba ka ƙi zaman jarrabawa duk bayan 'yan shekaru ba, IT zai yi maka. Haka ma wanda ke son tsaron na'urori ta ɓangaren kare ma'aikata. Mai son tsaro ta ɓangaren gano raunin manhaja da lissafin ɓoye saƙo kuwa, ta CS hanyarsa ta bi.

Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni, likitanci ko shari'a ko akanta, yana son shigowa, ba sai ya koma aji ɗaya ba. Digiri na biyu a IS zai hau kan abin da ya sani, kuma jami'o'i da dama, musamman a Birtaniya, na da digiri na biyu na shekara ɗaya a CS da aka tsara musamman don waɗanda suka fito daga wasu fannoni.